Na je har Tokyo neman zakuna biyar

Ni fa ba yawon buɗe ido ya kai ni Japan ba, aiki ne. Wurin aikinmu ne suka tura mu mu uku kwas na sati biyu kan gyaran wasu injinan asibiti da aka sayo daga can, a watan Nuwamba na 2023. Tun ranar da aka ce da sunana a cikin masu tafiya kowa ya fara lissafin tsarabarsa, ɗaya abokin tafiyar tamu kyamara yake so, ɗayan kuma agogo uwargidansa ta rubuto masa har da hoto, ni kuwa abin da ke raina ko faɗa ban yi ba don na san dariya za su yi min, wai ƙato da ni, da mata da yara uku, kaset ɗin gem nake nema. Wani ɗan mitsitsin abu da bai wuce faɗin akwatin ashana ba.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da talabijin, ko yake leƙa na maƙwabta kamar yadda muka yi, a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, ya san katun ɗin Voltron. Zakuna biyar na ƙarfe, baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya, kowanne da direbansa a ciki, in faɗa ya yi tsanani sai su haɗe su zama ƙaton mutum-mutumi ɗaya mai takobi. Da mun taso daga Islamiyya da gudu muke zuwa gidan maƙwabcinmu mu baje a tabarma, addu'ar kowa ɗaya ce, Allah Ya sa kar a ɗauke wuta kafin zakunan su haɗe. Sau nawa aka ɗauke daidai lokacin, ba zan iya ƙirgawa ba. In mun fito waje kuma mu ma sai mun yi namu, ni ne babba don haka ni ne baƙin zaki, wato ƙirji da kai, ƙanina kuwa kullum shi ake ba rawaya, ƙafar hagu, ya yi ta kuka wai shi ya gaji da zama ƙafa.

Sai da na je jami'a a Zariya, wajen 2008, wani ɗan ɗakinmu mai laftof ya sa min wani gem a manhajar nan da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi na'urar Nintendo DS. Komai da Japananci, ko harafi ɗaya ba na ganewa, ina ta danne-danne kawai, kwatsam sai ga zakunana a allo. Wallahi sai da na miƙe tsaye. A nan na fara sanin cewa abin da muke kira Voltron asalinsa katun ɗin Japan ne mai suna GoLion, na kamfanin Toei, wanda ya fito a 1981, Amurkawa ne suka saye shi suka yanke wuraren jini da mutuwa suka canza sunaye suka fitar a 1984. Wanda aka ce mana ya ji rauni an kai shi wata duniyar jinya, direban shuɗin zaki na farko, ashe a asalin labarin mutuwa ya yi. Shekara kusan ashirin ina jiran bawan Allah ya warke. Sunan gem ɗin Super Robot Wars W, na shekarar 2007, ɗaya daga jerin gem ɗin da ke haɗa robot na katun daban-daban a yaƙi guda, kuma tun lokacin na ɗaura niyyar wata rana sai na riƙe kaset ɗinsa na gaske a hannuna.

Tafiyar kanta doguwa ce ta fitar hankali. Daga Abuja zuwa Addis Ababa, daga can jirgi ya ɗauke mu ya ɗan yada zango a Seoul, sannan Narita, wanda shi ma ba a cikin Tokyo yake ba, sai ka ƙara shiga jirgin ƙasa. Awa takwas suke gabanmu, don haka kwana ukun farko ƙarfe biyun dare idona tar kamar na mujiya, da rana kuma a aji ina gyangyaɗi malamin yana ta bayani cikin ladabi kamar bai gani ba. Abin da ya fara rikita ni shi ne alƙibla. Mu da muka saba cewa a fuskanci gabas, na buɗe waya a ɗakin otal sai ta nuna min yamma, har da ɗan karkata arewa. Na kashe na kunna, haka dai. Abokin tafiyata, wanda ya girme mu muke ce masa Yaya, ya ce to kai da ka wuce Makka da dubban kilomita ina kake so ta nuna maka. Ga magariba tun wajen huɗu da rabi na yamma. Abinci kuwa mun rayu ne a kan dunƙulen shinkafar nan mai kusurwa uku da ake naɗewa da ganyen teku, mai kifi a ciki, da dafaffen ƙwai da ayaba daga ƙananan shagunan da ba sa rufewa dare da rana, sai yajin da uwargida ta cusa min a jaka wanda da farko na ce ba na so. Ranar Juma'a aka ba mu dama muka je babban masallacin Tokyo Camii da ke unguwar Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa ne mai kyau ƙwarai, a nan na ga 'yan Indonesiya da Pakistan da 'yan Afirka ta Yamma, har na ji wasu biyu suna Hausa a bakin ƙofa muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna.

Asabar da Lahadi ne kawai namu. Ranar Asabar na ja su Yaya zuwa Odaiba, wani tsibiri da aka cike teku aka yi. Daga Shimbashi ake hawa jirgin Yurikamome, wanda ba shi da direba kwata-kwata, muka samu kujerar gaba muna kallon yadda yake yin wani zagaye kafin ya hau gadar Rainbow, Yaya yana ta salati ƙasa-ƙasa. Abin da na je gani yana tsaye a gaban kantin DiverCity: ƙaton mutum-mutumin robot ɗin katun mai suna Unicorn Gundam, fari fat, tsayinsa mita 19.7, an kafa shi a 2017 a madadin tsohon Gundam na asali da ya tsaya a wurin kafin shi. Na sha ganin hotonsa amma hoto ba ya gaya maka gaskiya. Ka tsaya a gindinsa kanka ko ƙwaurinsa bai kai ba. A wasu sa'o'i na rana yana rikiɗa, ƙahonsa guda ɗaya ya tsage biyu, fuskar ta canza, faranta na kafaɗa da gwiwa su buɗe, jan haske ya fito. Duka-duka bai fi minti ɗaya ko biyu ba. Yaya ya dube ni ya ce, yanzu wannan ne ka hana mu baccin safe saboda shi? Na ce eh Yaya. Ya ce Allah Ya shirye ka, amma ɗauke ni hoto tukuna.

Ni abin da ya tsaya min a rai a wurin ba girman ba ne. A gem ɗin nan na saba ganin Gundam a matsayin ƙaramin abu mai saurin kauce wa harbi, wanda in aka same shi sau biyu ya tafi. Su masu buga gem ɗin sun kasa robot gida biyu. Akwai manya masu ƙarfin tsiya irin Mazinger Z na Go Nagai, wanda ya fito a 1972, da Getter Robo na 1974, waɗanda direba ke ihun sunan makami kafin ya harba, fatarsu kauri, sai dai su sha duka su rama. Akwai kuma irin Gundam, da ya fara a 1979, waɗanda aka yi su kamar kayan soja, harsashi na ƙarewa, inji na lalacewa. To a ce wannan da na ɗaga kai har wuyana ya yi ciwo shi ne ƙarami mai rauni. Na hau hawa na bakwai inda shagon Gundam Base yake, cike da kwalayen robobin da ake haɗawa da hannu, na zaga na fito ban sayi komai ba, don kuɗina na da inda za su. A lokacin akwai wani Gundam ɗin a Yokohama mai motsi, yana tafiya yana durƙusawa, na ce sai wani zuwan, ashe a ƙarshen Maris na 2024 za a rufe wurin. Wannan kam har yau yana min ciwo.

Lahadi su Yaya suka ce su kasuwar kyamara za su, don haka ni kaɗai na hau layin Yamanote, wanda ke zagaye tsakiyar birnin kamar zobe, na sauka Akihabara. Ranar Lahadi da rana ana rufe babban titin Chuo-dori ga motoci, mutane su bazu a tsakiyar kwalta. Kwatancen da ya zo min shi ne kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, amma a ɗora ta hawa takwas takwas, a share ta tas, a cire ciniki da jan riga. Don nan ba wanda zai ce maka zo nan Alhaji me kake nema. Kuma shagunan ba a ƙasa suke ba yawanci, sai ka ɗaga kai ka karanta allo ka san cewa abin da kake so yana hawa na huɗu ta wata 'yar siririyar matattakala. Ni da ba na karatun rubutunsu sai na zama kamar baƙauye ya shigo birni ranar farko.

Na dai gano Super Potato, shagon tsofaffin gem da kowa ke magana, daga hawa na uku zuwa na biyar na wani gini da ba za ka taɓa zaton akwai wani abu a ciki ba. Kana shiga kiɗan tsofaffin gem ya dake ka, kaset rataye a leda tun daga ƙasa har rufi, na tsofaffin na'urori irin su Famicom da Super Famicom da Mega Drive, wadda mu Sega kawai muke ce mata a gidan gem na unguwarmu. A nan na ga kakan su duka, Super Robot Wars na farko, na Game Boy, wanda kamfanin Banpresto ya fitar a watan Afrilun 1991. Ɗan kaset ruwan toka. A cikinsa gidaje uku ne kacal, Mazinger da Getter da Gundam, su ne har yau ake ɗauka a matsayin iyayen gidan. Na juya shi a hannu na mayar. A gefe ga na Super Famicom, ga Alpha na PlayStation na shekarar 2000, jere kamar littattafai. Amma W babu.

Bari in ɗan faɗi yadda gem ɗin yake, don wanda bai sani ba zai ɗauka irin na dambe ne da ake ta danna maɓalli da sauri. Ko kusa. Ya fi kama da dara. Fili ne aka yanka gida-gida, naka robot ɗin suna gefe na abokan gaba suna gefe, ka matsar da naka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da iya gidajen da zai taka da iya nisan da makaminsa ke kaiwa, in ka gama su ma su yi nasu. Kafin ka kai hari ana nuna maka kashi nawa cikin ɗari za ka samu, shi ma kashi nawa zai same ka. Kuma duk wanda ya buga zai rantse maka cewa kashi 90 naka yana kuskurewa, kashi 10 na maƙiyi kuwa sai ya sauka a goshinka. Kowane direba yana da abin da suke kira seishin, wasu dabaru na zuciya da ake kashe maki a kansu: hicchu ya sa duk harinka ya samu, hirameki ya sa ka kauce wa hari ɗaya ko daga wa ya fito, nekketsu ya ninka dukan da za ka yi, kouun ya ninka kuɗin da za ka samu in ka kashe. Akwai kuma kiryoku, wato zafin zuciya, yana farawa daga 100 yana hawa yayin da faɗa ke zafi, manyan makamai ba sa buɗewa sai ya kai wani mataki. Shi ya sa ba ka fara wa da takobi, sai ka ɗan ci ƙananan tukuna, daidai yadda ake yi a katun, inda muke ta jin haushi me ya sa ba za su haɗe tun farko su gama da dodon ba. Tsakanin yaƙi da yaƙi kuma sai ka zauna da kuɗin da ka tara kana rabawa, wa za a ƙara wa sulke, wa za a ƙara wa makami, kuma kuɗin ba sa taɓa isa, kamar albashi. A nan ake gane son kai. Kowa robot ɗin yarintarsa yake zuba wa, ko da kuwa akwai wanda ya fi shi amfani.

Ni wannan menu ɗin haddace shi na yi a Zariya kamar karatun allo, na biyu daga sama shi ne hari, na ƙasa shi ne gama zagaye, wasu takardu da muka buga a kafe muna dubawa har suka yage. Labarin kuwa rabi zato rabi tambaya, don W bai taɓa fitowa da Turanci a hukumance ba. Dalili kuwa sananne ne, katun goma sha wani abu a gem ɗaya, kowanne da mai haƙƙinsa a kowace ƙasa, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa da aka tashi kai jerin Amurka a 2006 sai aka kai Original Generation, wanda robot ɗin cikinsa duk na kamfanin ne. Sai daga baya wasu a jerin, V na 2017 da X da T, suka zo da Turanci a bugun ƙasashen Asiya, sannan mai suna 30 ya fito a Steam, kasuwar gem ɗin kwamfuta ta intanet, a 2021 kowa ya samu.

Shago biyar na shiga a Akihabara. Matsalata ta farko suna. Ina ta cewa Super Robot Wars da Turancina na Zariya ana kallona cikin ladabi, sai da na nuna hoto a waya wani matashi mai shago ya ce aa, Suparobo! Ashe haka suke gajarta shi. W ɗin ma daburyu ake cewa. Ya duba kwamfuta, ya sunkuya ya ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi, sannan ya rubuta min Nakano a 'yar takarda. Na tsaya na ci kebab a wurin wasu Turkawa, bayan na tambaya sun nuna min takardar halal, na samu wani lungu na yi azahar da la'asar a haɗe ƙasaru, na kama layin Chuo.

Nakano Broadway wani tsohon gini ne tun 1966, sai ka bi ta wata doguwar kasuwa mai rufi daga tasha kafin ka kai. Ƙasa kayan miya da kifi da tsofaffi mata da kwandunansu, sama kuwa wata duniya ce daban, lungu-lungu, rufin ƙasa-ƙasa, fitila fari, shagunan Mandarake, masu sayar da gwanjon kayan katun da gem, birjik kowanne da abin da ya ƙware a kai, da wasu ƙananan shaguna masu akwatunan gilashi da mutane ke haya su sa kayansu. Na fi son nan a kan Akihabara nesa ba kusa ba. Can kamar an shirya shi don baƙi ne, nan kuwa kamar Kurmi, sai wanda ya san abin da ya zo nema. Na ga tsofaffin robot na ƙarfe na shekarun 1970 a gilashi da farashin da sai da na ƙirga sifilin sau biyu. Mazinger ko'ina, Getter ko'ina, Grendizer ma da Larabawa da masu Faransanci suka sani sosai yana nan. Zakunana kuwa da ƙyar na hango guda ɗaya a can ƙasan wani shelf. Abin ya ba ni mamaki, har ya ɗan sosa min rai. Ashe a garinsu GoLion ba wani shahararre ba ne can, mu ne a waje muka ɗauke shi sarki.

A wani ɗan shago a hawa na biyu ko na uku, na manta, na tarar da kwandon kaset ɗin DS tsirara ba kwali, kowanne a 'yar leda da farashi. Na durƙusa ina bi ɗaya bayan ɗaya. Gefena wani dattijo ne, zai yi shekara sittin, da jakar goyo da hular sanyi, shi ma yana tono a kwandon Game Boy. Ya ga hoton da ke wayata sai ya ce Suparobo? Na ce eh. Bai ƙara cewa komai ba ya sa hannu a nawa kwandon, ya fara daga ɗaya ƙarshen, shi da yake karanta rubutun da kallo ɗaya, ko minti biyu ba a yi ba ya zaro ya miƙo min da hannu biyu. Na karɓa da hannu biyu nima. Kuɗinsa bai kai na kebab ɗin da na ci sau biyu ba. Shekara goma sha biyar ina mafarkin abu, ashe yana kwance a kwandon gwanjo.

Muka fito bakin shagon muka tsaya hira, in dai za a kira wannan hira. Shi ba Turanci, ni ba Japananci, sai waya ke fassara mana tana kwaɓawa. Na ce masa Baba, daga Najeriya nake, ya maimaita Naijeria yana gyaɗa kai. Ya tambaye ni wane robot nake so, na ce GoLion. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ɗaga yatsu biyar ya yi gurnani kamar zaki, muka fashe da dariya. Ya rubuta a waya cewa shi bai kalle shi sosai ba, ya riga ya girma lokacin, kuma bai taɓa sanin an kalle shi a Afirka ba. Na ce Baba ai mu unguwa guda ke taruwa. Shi nasa Mazinger ne, ya dunƙule hannu ya miƙa gaba kamar zai harba shi, a tsakiyar kasuwa, dattijo da furfurarsa, ba ko kunya. Ya ce tun na Game Boy yake bugawa kuma duk wanda ya fito Mazinger yake fara cika wa kuɗi ko da za a sha wuya. Na ce to ai ciwonmu ɗaya. Daga nan wayar ma muka ajiye, ya ce nekketsu na ce hicchu, ya ce hirameki na ce kouun, kamar masu musayar karatu. Waɗannan kalmomin da na haddace ban san ranar amfaninsu ba, su ne kaɗai Japanancin da na yi da wani mutum har ya gane ni sarai.

Wani abu da ya rubuta min ya tsaya min. Ya ce shi abin da ya sa bai daina ba, a gem ɗin ana iya ceton waɗanda suka mutu a katun. Gaskiya ne kuwa, an san jerin da wannan, in ka bi wasu sharuɗɗa a ɓoye sai wanda labarinsa na asali ya kashe ya rayu ya shigo rundunarka, kamar Four ta cikin Zeta Gundam da aka sha ba mutane damar cetowa. Na so in ba shi labarin direban shuɗin zaki da aka ce mana yana jinya, na fara rubutawa, na ga zai yi tsawo wayar kuma za ta ɓata shi, na goge. Muka yi sallama, ya sunkuya na sunkuya, ya ƙara sunkuyawa na ƙara, na rasa wa ke tsayawa, ƙarshe na dafa ƙirji irin namu na juya. Ko sunansa ban tambaya ba.

Kaset ba na'ura ai hoto ne, don haka kafin in bar ginin na sayi tsohuwar DS Lite fara, gefenta ya ɗan yi rawaya. Mai shagon ya nuna min cajar yana girgiza kai, wutar Japan 100 ce tamu kuwa ta haura 200, in na soka ta a gida sai hayaƙi, ya ba ni wayar USB a madadinta. Da na koma otal Yaya ya ce mu ga tsarabar da aka yini ana nema. Na ɗora masa a tafin hannu. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ya ce kai dai matarka na da haƙuri.

Ban kunna ba sai a jirgi muna dawowa, bayan an kashe fitilu kowa ya yi bacci. Ina kunnawa na ga ashe akwai ajiyar mai shi na da a ciki, bai goge ba, ya yi nisa sosai har wajen ƙarshen labari. Na shiga ina duba rundunarsa kamar mai leƙa ɗakin wani. Mutumin nan GaoGaiGar ya cika wa kuɗi har ƙarshe, da Tekkaman Blade, da Valhawk na jarumin gem ɗin. Na gangara ƙasa ina neman nawa. Ga GoLion can a ƙarshen layi, ko sisi bai taɓa sa masa ba, sulke yadda ya zo, makami yadda ya zo, direbobin biyar duk an bar su a baya. Wallahi sai da na ji haushin mutumin da ban taɓa gani ba. Na duba asusunsa na ga ya bar kuɗi masu ɗan yawa, na kwashe su kaf na zuba wa zakuna, na fitar da su fili a yaƙi na gaba, na sa su a sahun gaba. Ban adana ba dai, ajiyarsa tana nan yadda ya bar ta, kawai aro na yi.

Muka yi ta fafatawa a saman wata ƙasa da ban san ko wace ce ba, ƙananan maƙiya ɗaya bayan ɗaya har zafin zuciya ya kai inda takobi ke buɗewa. Na matsa kusa da babbansu, na sa hicchu, na sa nekketsu, na zaɓi takobin. Ban lura ba ashe 'yar fitilar gefen na'urar ta daɗe da komawa ja, batirin tsoho ne, wayar cajin kuma tana cikin babbar jaka a ƙasan jirgi. GoLion ya haɗa hannuwansa biyu, hasken takobin ya fara fitowa, allo ya yi baƙi ƙirin.

Dariyar da na yi sai da ta tashi Yaya. Ya buɗe ido ɗaya ya ce lafiya? Na ce an ɗauke wuta ne Yaya. Ya ja bargonsa ya juya.

Da na iso gida na kira ƙanina a waya, yanzu shi ma magidanci ne a Kaduna, na ce ka zo ƙarshen mako akwai abin da zan nuna maka. Ya zo, na miƙa masa, ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko a nan ma dole sai wani ya zama ƙafa.